Sunan da Kulsumu Ba Ta Kira

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a kasuwar Kwanar Ɗangora ya san Kulsumu, ko da bai san sunanta ba. Doguwar mace ce, fara, wadda hayaƙi ya daɗe yana ƙoƙarin mayar da ita baƙa bai gama ba. Tarwaɗarta ba ta tsutsa, ba ta ɗaci, kuma ita ba ta iya ciniki ba: ta faɗi kuɗi, ka saya ko ka yi gaba. A garinsu, Sabuwar Marke, can gefen ruwan Tiga, abu biyu aka san ta da su, banda da kunya. Bandar ta ciyar da ita. Kunyar kuwa ita ce ta ci ta, a hankali, ana yi mata tafi.

Ba 'yar masunta ba ce. A ruga aka haife ta, a gindin duwatsun Doguwa, gidan da ake auna mace da abin da ta iya haɗiyewa. Uwarta ta rayu ta mutu ba a taɓa jin ta kira sunan ɗanta na fari ba, kuma ranar rasuwarta da wannan aka fara yabon ta kafin a kai ga sallarta da azuminta. Kulsumu tana tallan nono a kasuwar Tudun Wada Bala masunci ya gan ta. Ya yi ta sayen nonon da cikinsa ba ya so har aka ba shi ita.

Mutanen Bala asalinsu manoma ne. Yana ƙarami ruwan dam ya cinye tsohuwar Marke, da gonakinta da rijiyoyinta da kaburburanta, aka kwaso su aka zube a kan tudu, suka koyi jefa koma don dole. Mutanen da aka raba da garinsu, abin da suka iya ɗaukowa a ka shi ne al'ada, don haka suka riƙe ta da hannu biyu, suka kuma zuba ido su ga wa zai sake ta. Cikin waɗannan idanu aka kawo amarya. Matan gari suka yi ta tsokanar ta, wai Bafulatana ta bar ƙamshin man shanu ta zo gidan ƙarni, bari a ga tarbiyyar daji. Kulsumu dai ta ƙudura a ranta cewa ba za su taɓa samun abin faɗa a kanta ba.

Shekara na zagayowa ta haifi mace, aka sa mata Mansura. Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a ƙasar nan, kowace mace tana yin ta daidai gwargwado. A kau da kai ranar suna, a ƙi ɗaukar jariri a gaban surukai, a laƙaba masa wani suna a riƙa kira, in an kwana biyu abin ya saki. Ta Kulsumu ba ta saki ba. Ba ta shayar da yarinyar sai ta tura ƙyaure. Ranar yaye ta miƙa ta ga surukarta, Hajja Zuwaira, wadda ɗakinta ke kallon nata, tsakar gida ce kawai a tsakani. Ko laƙabi ba ta sa mata ba. In magana ta kama dole, sai ta ce "ta ɗakin Hajja". Yarinya ta tashi tana kiran uwarta Adda, yadda ta ji ƙannen Kulsumu suna kiran ta in sun zo daga ruga.

Matan gari suka ga abin da ya fi nasu, sai tsokana ta koma yabo. Yabo kuwa ya fi zagi iya ɗaure mutum. Wanda aka zaga zai iya sauya hali gobe, a ce ya shiryu. Wanda aka yaba fa, ina zai sa kansa? Kulsumu ta haifi wasu, maza da mata, har auta Zubaida, ta goya su, ta yi musu tawai, ta kira sunayensu har maƙwabta suka haddace. Mansura tana zaune a ƙofar ɗakin Hajja tana kallo.

Alhali son da Kulsumu take yi wa yarinyar nan ba ta yi wa ko ɗaya daga cikin sauran ba. Shi ne ma abin da ya fi ba ta kunya, shi ya sa ta fi ɓoye shi. Kullum ta sauke banda, sai ta zaɓi tsokar da ta fi kyau, tsakiyar ragon ruwa in an samu, ta sa a kwanon surukarta. Ta san tsohuwa ba ta da haƙoran cin banda, ta kuma san bakin da zai ci. Sai ta koma bayan gangar bandarta, inda hayaƙi ke ba mutum uzurin jan ido, tana leƙen Hajja tana cire ƙaya tana sa wa jikarta a baki.

Ranar da komai ya lalace, babu wanda ya san ya lalace. Mansura tana shekarun famfara, baki duk giɓi. Mata sun fita wanki bakin kanal ɗin da ke kai ruwan dam gonakin rani. An saki ruwa yana gudu, gefen simintin ya yi gansakuka. Yarinyar ta miƙa hannu za ta kamo murfin kwano da ya suɓuce, santsi ya kwashe ta. Kulsumu ce ta fara gani. Sunan ya taso mata tun daga ciki, ya zo maƙogwaro, ya tarar da Hajja Zuwaira zaune a gefenta da matan unguwa a jere, ya tsaya. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Jama'a, 'yar mutane ta faɗa ruwa!"

Wani mai ban ruwan tumatir ne ya yi tsalle ya cafko ta can ƙasa, ya kwantar da ita a kan ciyawa, aka danna cikinta ta amayar da ruwa. Da ta buɗe ido sai ta hau dube-dube. Ta ga Hajja tana kuka, ta ga maƙwabciyarsu Kaltume tana salati, ta ga fuskokin da ba ta sani ba. Can gefe ta hango Adda, ta juya baya, ta sunkuya tana matse zani.

Ba wanki Kulsumu take yi ba. Ta san in ta waiwayo ta ga yarinyar nan kwance, ihu za ta yi, ta ture surukarta ta rungume 'yarta a gaban kowa. Sai ta ciji leɓenta har jini ya cika mata baki, kafaɗunta suna rawa, ta yi ta murɗa zani guda har ya yage. Ba wanda ya ga fuskarta, dama don kada a gani ta juya.

"Kai! Yau na ga kara," in ji Kaltume. "Wallahi ko gezau ba ta yi ba!"

Kafin la'asar labari ya zaga gari, kafin kaka ya kai Badafi da Ba'awa. Ya zama abin da ake gaya wa amare da masu cikin fari. A gidan suna sai wata ta jawo Mansura, ta shafa kanta, ta ce, "Ke ce wadda kika faɗa kanal uwarki ko waiwayowa ba ta yi ba? Allah ya ba ki halinta." Yarinyar ta ce amin, don an koya mata cewa amin.

Ta tashi mai shiru, mai kallon tsiya, irin yaran da in suna wuri manya sukan rage murya ba su san dalili ba. Ta yi makaranta a Bebeji, ta wuce ta zama malama, ta auri wani malamin gona suka zauna a Tudun Wada. A can ta fara rubuta labari a waya tana tura wa zaurukan mata na sada zumunta shafi-shafi. Sauran marubutan da ake yayi, jarumansu a gidajen bene suke kwana, mazan kullum suna hanyar filin jirgi. Nata littattafan ƙarni suke yi. Ta san bambancin hayaƙin ƙirare da na ɓawon gyaɗa, ta san yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a baki, ta san yadda tsofaffin garinsu kan tsayar da kwale-kwale a tsakiyar ruwa su nuna ƙasa su ce nan ne tsamiyar ƙofar gidanmu. Masu karatu suka ce ga wadda ba ta ƙarya, suka bi ta ɗuu. Kuma ko wane littafi ta ɗauko, abu uku ba sa ɓacewa a ciki: ruwa, da kaka marar haƙori mai cire wa jika ƙaya, da uwar da ba za ka yi wa maƙiyinka fatan ta ba. Sunan da take sawa a ƙarshen kowane shafi shi ne Jikar Hajja.

Wata mai zaƙin murya ta riƙa karanta littattafan ana naɗa, masu cajin waya suna tura wa mutane a memori. Ta haka labaran suka iso Sabuwar Marke, wurin matan da ba su taɓa buɗe littafin boko ba. A rumfar Kulsumu ake saurare, don nan ne akwai inuwa, kuma mata kan taru su taya ta fiɗar kifi a ba su kai da kayan ciki. Kaltume ce mai wayar. Sai ta jefa ta a cikin kwanon da babu komai don sauti ya tashi, hannu na aiki kunne na nasa.

Da farko daɗi Kulsumu ta ji, daɗin da ba ta da wanda za ta gaya wa. 'Yarta ce duniya take saurare. Ta gane Hajja a cikin labarin, ta gane kwanon, ta ji an ba tsohuwa ladan kifin gaba ɗaya, ta yi murmushi a bayan hayaƙi ta ce ba komai. Miyagun iyayen nan kuwa ta ɗauka gishirin labari ne.

Sai aka kawo wanda ake kira Uwar Wasu. Uwar cikinsa sunanta Adda Rabi, doguwa, fara, 'yar ruga, mai bandar kifi. Tun daga nan wuƙaƙe suka fara rage sauri. Da aka zo bakin kanal, mai karatun ta sassauta murya ta ce: "Na buɗe ido ina neman fuskarta, sai na sami bayanta. Kuma na rantse da Allah kafaɗunta rawa suke yi, irin rawar kafaɗar mai danne dariya."

Wuƙaƙe suka tsaya cak, kitsen kifi yana ɗiga a wuta. Babu wadda ta dubi Kulsumu, kuma babu wadda ba ita take kallo ba. Kaltume ce ta fara. Ta goge wuƙarta a zani ta ce, "Ni fa tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Na ce wannan uwa ce ko dutse?"

Bakin da ya ce yau na ga kara, shi ne dai, ko haƙori bai sauya ba. Sauran suka gyaɗa kai, kowace ta tuno ashe ita ma tun ranar abin bai kwanta mata ba. Zamani ya juya, yanzu a waya ana wa'azin tausayin 'ya'ya, matan da suka ɗora Kulsumu a kan tudu suka sauka suka bar ta ita kaɗai a can.

Daga nan sunanta ya koma Adda Rabi. 'Yan mata sukan faɗa in ta wuce, su rufe baki. A Kwanar Ɗangora wasu matan birni suka zo musamman, suka tsaya a kan tirenta ba su sayi ko ƙurungu ba, ɗaya ta ɗaga waya a fakaice ta ɗauke ta hoto, ɗaya ta ce, "Baba, ashe ke ce? To Allah ya isar mata." Ta gaya wa Bala. Ya ce, "Tatsuniya ce fa, ki rabu da su," ya saɓi komarsa ya tafi ruwa, don shi duk abin da ba ya shiga raga ba matsalarsa ba ne.

Kare kai kuwa ba ta da hanyarsa. In za ta kare kanta, sai ta tsaya a gaban mutane ta ce tana son 'yarta ta fari, kuma harshenta bai taɓa koyon wannan hanyar ba. Abu ɗaya ya rage mata, ta riƙe shi gam: yarinyar nan ba ta sani ba ne. Ba ta san daga tukunyar wa kifin yake fitowa ba, ba ta san abin da ya faru da leɓen Adda a bakin kanal ba. Rashin sani ne ya sa ta rubuta, kuma ranar da ta sani za ta dawo. Da wannan tunanin Kulsumu ta yi ta juya kifi, littafi bayan littafi, ana kashe ta a wannan, ana haukatar da ita a wancan.

Da kaka, an gama yankan shinkafa, Hajja Zuwaira ta rasu. Mansura ta zo a motar mijinta, ta yi kukan da ya fi na 'ya'yan da tsohuwar ta haifa, ta zauna har sadakar bakwai. Kowace safiya sai ta zo ƙofar ɗakin Kulsumu ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Adda, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?" Babu abin da za ka kama a gaisuwar, kuma da ta zage ta da ya fi sauƙi.

Ranar da za ta koma, da hantsi, Kulsumu ta hango ta ita kaɗai a ɗakin marigayiya tana ninke zannuwan tsohuwa. Yanzu babu sauran mai ba da shaida a duniya, in ba ta faɗa da bakinta ba shi ke nan. Ta bar kifi a kan wuta ta tsallaka tsakar gidan. Rabon da su kasance su biyu a ɗaki ɗaya tun ranar yaye. Ta zauna a bakin ƙofa, ta fuskanci bango.

"Ke," ta ce. "Akwai magana."

"Ina ji, Adda."

"Kifin nan da tsohuwa take ba ki kina ƙarama. Ba saye take yi ba. Wadda take sa mata a kwano ta san ba ta da haƙori."

"Na sani."

Kulsumu ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta juyo, ta dubi 'yarta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

Mansura ba ta daina ninki ba. Ta ce, "Hajja ta gaya mini tun ina firamare. Ta gaya mini kin ciji leɓenki ranar kanal, kin yi kwanaki ba kya iya shan miya mai yaji. Ta gaya mini in na yi zazzaɓi ba kya cin tuwo. Babu abin da ta ɓoye mini, Allah ya jiƙanta."

"Kin sani," in ji Kulsumu. Muryarta ta ƙanƙance. "Kin sani, kika rubuta dariya nake yi?"

"Abin da yarinyar ta gani na rubuta, Adda. Ita ba a gaya mata komai ba, tana kwance a ciyawa tana neman fuska. Ni aka gaya wa, daga baya. Ita har yau tana can." Ta ɗora zanin a kan 'yan'uwansa ta danne da tafin hannu. "Kuma ni ba mage ba ce da za a sallame ni da kifi. Kin ji tsoron kada matan gari su yi miki dariya, kika zaɓe su. To ga su can a tsakar gida, naki ne."

Daga nan ta bar hannunta a kan zannuwan, ba ta tashi ba. Jira take yi, kuma dukansu sun san abin da take jira. A waje ana jin muryoyin mata suna rabon gumba, ana jin dariyar Kaltume. Kulsumu ta buɗe baki, ta ce, "Allah ya jiƙan tsohuwa."

"Amin," in ji Mansura. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kulsumu ta zauna a wurin. Abin da ta jingina da shi shekara da shekaru an zare shi, ba ta ma san ta miƙe ba. Ta ratsa tsakar gida ba mayafi, ɗankwali ya zame, hannu baƙi ƙirin da hayaƙi. Ta ratsa matan da suka yi rakiya a zaure, ta fito ƙofar gida inda maza ke zaune a tabarmi, har da liman da Bala. Mansura ta sa ƙafa ɗaya a mota.

"Mansura!"

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba, amma har bakin masallaci an ji. Masu jan carbi suka tsaya. Mansura ta waiwayo. Ta ce, "Na'am." A hankali ta faɗa, ba ta ƙara da Adda ba. Kulsumu ta ji, ta kuma ga leɓunan sun motsa.

Sai dai ba ta tanadi komai a bayan sunan ba. Duk ƙarfinta a kansa ya ƙare. Ta tsaya a gaban maza da kai a buɗe, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Mota ta tashi.

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Tsofaffin da suka rage suna ganin ƙimarta saboda kara suka ce tsufa ya zo mata da rashin ta-ido. Matasan da suke ganin ta Adda Rabi suka ce borin kunya ne. Kaltume ta haɗa su duka a magana ɗaya, ta ce, "Mota ta gani." Bala ya yi kwanaki ba ya zama a majalisa. Kulsumu ko a jikinta. Ta samu na'am, kuma da shi ta ci rani. Aka fara jin tana 'yar waƙar Fulatanci a bakin ganga. Takan tambayi auta, da sunan a fili, tana ɗan jan sa don daɗin faɗa, "Zubaida, ko Mansura ta bugo?" Ba ta bugo ba. Kulsumu ta ce aiki ne ya yi mata yawa, malanta ga rubutu.

Rubutun ne kuwa. Ana gab da saukar ruwan farko Kaltume ta shigo rumfa da saurinta, ta ce sabon littafin Jikar Hajja ya fito, ta jefa waya a kwano. Matan da rabon su da taya fiɗa tun bara, ranar duk suka zo da wuƙaƙensu.

Labarin wata marubuciya ne da ta je gida rasuwar kakarta. Babu abin da aka bari. Ga ɗankwalin da ya zame, ga baƙin hannu, ga wani ɓawon kifi da ya manne wa uwar a kumatu, wanda ita Kulsumu ba ta ma san da shi ba. Idon Mansura da ta ɗauka hawaye ne ya cika shi a bakin mota, ashe bai fasa aikinsa na kallo ba. Mai karatu ta ce: "Ta ga tsohuwa ta kau, ta ga mota a ƙofar gida, sai ta tuna ta taɓa haihuwar wata 'ya." Wata ta ƙyalƙyale da dariya, aka zungure ta.

Zubaida ta miƙa hannu za ta kashe wayar. "Inna, ya isa haka."

"Bari," in ji Kulsumu. Tana juya kifi, ba ta ɗago ba. "Duk wannan ba komai. Yanzu za ta amsa."

Uwar cikin labarin ta kira sunan. Mai karatu ta ja numfashi yadda ta saba in ta zo wurin da take so a ji. "Na waiwayo na dube ta yadda ake duban baƙuwar da ta yi ɓatan gida. Ban amsa ba. Na shiga mota na ja ƙofa."

"A'a," in ji Kulsumu. Shi ne karo na farko da ta taɓa sa baki a kan littattafan nan. Ta ajiye abin juya kifin. "A'a, ta amsa. Ta ce na'am. Ai kuna wurin."

Mata suka dubi juna.

"Kaltume, ke kina jikin motar. Kin ji ta."

Kaltume ta taɓe baki. "Ni dai ban ji ba."

"In da ta amsa ai da ta rubuta," in ji wata. "Yarinyar da ko ɓawon kifi ba ta manta ba?"

Kulsumu ta juya wurin auta. Zubaida ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ina cikin gida lokacin, Inna."

"Ƙila kunnenki ne," in ji Kaltume, har da tausasa murya. "Tsaya in mayar miki baya ki sake ji da kyau."

Ta ciro wayar daga kwano, ta danna, ta mayar. Muryar nan mai zaƙi ta sake cewa ban amsa ba, na shiga mota na ja ƙofa. Kulsumu ta tsaya a cikin hayaƙi tana laluben na'am ɗin a kunnenta, inda ta ajiye shi tun kaka. Ta yi ta lalube, ba ta sami komai a wurin ba sai muryar mai karatu.